Ƙaramar Jif Da Iyayen Gidanta

Akwai wasu motoci da suka cika titunan Kano, Kaduna da Abuja. Ba su kai Land Cruiser ɗin 'yan siyasa girma ba, amma sun fi Corolla tsayi da tsada: Mercedes GLK, BMW X3, Audi Q5, Lexus NX, Range Rover Evoque. Don mutumin birni aka ƙera su, su shiga lungu, su samu wurin tsayawa a kasuwa, mai tuƙi kuma ya ɗan ɗaga sama yana kallon rufin motocin jama'a. Sai dai kuɗin sayen irin wannan mota sadaki ne kawai, cefane yana gaba, kuma a wurin cefanen ake gane halin kowa.

Mai makulli a hannu

Babbar rigarsa tana da aljihu, kaftaninsa yana da aljihu, wandonsa ma haka, amma makullin bai taɓa shiga ko ɗaya ba. A wurin ɗaurin aure yakan ajiye shi a kan darduma, tambarin yana kallon sama. In ya kulle motar sai ya yi taku goma ya sake dannawa, don ta yi ƙara a waiwayo. Tambaye shi hanyar Zariya, da makullin zai nuna maka. GLK ɗinsa kuwa tun 2015 kamfanin ya daina ƙera ta, ya maye gurbinta da GLC, amma in kana son zumuncinku ya ɗore, bar wannan labarin a cikinka.

Mai cinikin biri a sama

Shi ba ya sayen mota a hannun dillalan gida, wai suna cin riba. A waya ya ga hotonta a gwanjon Amurka, tana sheƙi, farashinta kamar kyauta. Bai tambayi dalilin arahar ba. Yawancin motocin irin wannan gwanjo kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan hatsari ko ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Da can ta Kwatano ake biyowa, a ratsa Maraɗi a shigo ta Jibiya, har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Shi tasa ta tashar Legas ta biyo, kuma kafin ta iso dala ta tashi, kuɗin kwastam ya bi ta. Wata uku yana cewa “tana kan ruwa”. Da ta iso aka ɗaga kafet aka ga laka, sai aka gane ta taɓa zama a ƙarƙashinsa ma.

Mai lissafin lita

Ya saye ta lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kuma kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Tankin GLK yana cin lita 66, wato a lokacin cika shi sau ɗaya ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Tun daga nan bawan Allah ya zama masanin lissafi. A gidan mai yakan sauke gilashi kaɗan ya raɗa wa yaron, “Sa na dubu biyar,” sannan ya ɗaga murya, “Jiya na cika ta, ƙari ne kawai.” A zafin watan Afrilu za ka gan shi gilashi a rufe, na'urar sanyi a kashe, gumi yana bin wuyan riga, don kada a ce ya gaza. Daga Litinin zuwa Alhamis Adaidaita Sahu yake hawa, ya lafe a kwana. Motar ta Juma'a ce da ɗaurin aure.

Mai tsoron rami

Da zai saya, hujjarsa ita ce hanyoyinmu ba su da kyau, kuma wannan tana ja da ƙafa huɗu. Yau shekara biyu ƙafafun nan huɗu ba su taɓa sauka daga kwalta ba. In ya zo tudun rage gudu sai ya karkace, ya haura da taya ɗaya-ɗaya, layin motoci a bayansa suna ta oda. In damina ta tara ruwa a titi, mai tsohuwar Golf ya ratsa ya wuce, shi kuwa ya juya ya sake hanya. Ranar da aka yi rasuwa a ƙauye, motar ƙaninsa ya ara. Babban abokin gabarsa ɗan Adaidaita ne: in ɗaya ya matso kusa da madubi, sai ka ji salati daga cikin jif.

Malamin majalisa

Kullum bayan la'asar yana kan benci yana raba gardama tsakanin Jamus da Japan. “Benz mota ce, amma Lexus ba ta san gidan bakanike ba, ai Toyota ce ta sa babbar riga.” A nan yana da gaskiya, Lexus ta Toyota ce. Ya san Evoque ta fito a 2011, NX da Porsche Macan a 2014, ya san wadda giyarta ke da hawa bakwai. In za ka sayi mota shi zai raka ka, ya buɗe gaba, ya shinshina bakin mai, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce an yi mata fenti. Bayan an gama ciniki sai ya hau babur ɗinsa ya bi ku a baya.

Surukin bakanike

Wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gabansa tun watan da ya saye ta. Da farko ya kira mai kwamfuta ya goge ta, ta dawo. Yanzu ya liƙa mata sitika, hankalinsa ya kwanta. Ya san masu kayan gyaran mota na Ƙofar Ruwa da sunayensu, in ɗan Kaduna ne Panteka, in ɗan Abuja ne Apo. Bakanikensa yana fara magana da, “Alhaji, ba wata matsala ba ce,” sannan ya faɗi kuɗin da zai sayi rago. Ranar da taya ta fashe a hanya ya buɗe but bai ga safaya ba, ya yi ta zagin dillali, har mai faci ya gaya masa cewa X3 da yawa haka suke zuwa, da tayar da ake iya ci gaba da tafiya a kanta bayan ta sace, kuma tsadarta daban ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shi sai da ya kai gida ya ga hujojin.

Hajiya mai dangi

Da ribar atamfa da adashi ta sayi abarta, kuma ta fi mazan nan kula da ita: juyen mai a kan lokaci, takardu cif. Matsalarta ɗaya, kujeru biyar ne, danginta kuwa ba su da iyaka. Ranar kai amarya gwaggo biyu a gaba, mutum biyar a baya, kulolin abinci a kan cinya, akwati ya ƙi shiga but. “Yaya, ai jif ce, za ta ɗauka!” In ta ce ƙarama ce, sai a ce tun da ta yi mota ta canza.

Mai galan a kan rufi

Wata shida da saye ya ɗora mata galan, alamar ta sayarwa ce. Ba wai ta gagare shi ba, a cewarsa, babba yake so ya canza. Dillalinsa kuwa yana rantsuwa ga duk wanda ya tsaya: “Wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai makarantar yara.” Hajiyar nan ita ce ta hau rabin motocin da ke kasuwa. Kowa ya taya, a ce albarka, har ranar da kuɗin makaranta ya zo, a sallama ƙasa da tayin farko.

Ɗan kujerar gaba

Wannan bai sayi komai ba. Abokin mai motar ne, ko ƙanin matarsa. Shi ke zaɓen waƙa, shi ke ƙara sanyi, shi ke jingina da ƙofa a ɗauke shi hoto ya sa a Instagram. A gidan mai sai waya ta shigo masa. A gareji yana da uzuri. In mota ta mutu a danja, shi ne na farko da zai ce, “Ai na gaya maka ka sayi Lexus.” Ranar da aka sayar da ita zai yi jaje da gaske, har da girgiza kai, sannan ya tambayi wanda ya saya ko unguwarsu ɗaya. In ka zauna ka yi lissafin tsakani da Allah, cikin mutum tara ɗin nan shi kaɗai ne ya ci riba.