Takardun Kakanka Sun Riga Ka Samun Biza

Ku matso kusa, manyan masu gardamar unguwar Titiru ta Paraku. Na san ku, kun san ni. Ku ne kuka rantse da rawani cewa kuɗi ba za su taɓa bi ta cikin waya su isa Kwatano ba, yau ga shi ko ɗan zem mai babur ne ya sauke ku a Kasuwar Arzeke sai ku ce ya karanto lambarsa. Yanzu kuma labari ya zo cewa zaurukan al'adu na intanet suna haɗa kai daga ƙasa zuwa ƙasa, gidan tarihi a Hamburg da ɗakin karatu a Landan da jami'a a Kano suna jera abin da suka ajiye a ƙofa ɗaya domin kowa ya leƙa, sai kuka taɓe baki a tare. Alhaji ya ce cinikin biri a sama ne. Malam ya ce sabuwar dabarar kwashe mana asiri ce. Hajiya ta ce a gaya mata ko abin yana sa tukunya ta tafasa. Shi kuwa ɗan samari ko ɗago kai bai yi ba, ya ce WhatsApp ya ishe shi. To, a bi ku ɗaya bayan ɗaya, babu mai tsere wa.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai zan fara don kai ne babba. Tambayarka ita ce me ya haɗa Paraku da Hamburg. Abin da ya haɗa su ya girme ka, ya girmi mahaifinka. Hanyar goro ta taso daga Kano, ta ƙetare Kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ta yada zango a Jugu, ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ci karo da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, da dabbobi kwatankwacin haka. Wannan hanya ita ta haifi zangunan da muke alfahari da su. Sai Turawa suka zo. A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki, Jamusawa kuma suna leƙowa daga Togo. A 1898 Ingila da Faransa suka tsaga Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila.

Kowannensu ya rubuta abin da ya gani da harshensa, ya kwashe ya kai gida. Yau mai son tarihin hanya ɗaya tak, wadda kakanka ya taka da jaki, sai ya je Porto-Novo, ya je Dakar, ya je Aix-en-Provence a Faransa, ya je Kaduna, ya je Landan, ya ƙarasa Balin. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da ajami. Rubuce-rubucensa wasu suna Turai, wasu a jami'ar Legon ta Gana, wasu a Amurka. Ka gani, Alhaji, takardun kakanninmu sun riga mu samun biza, kuma babu wadda ta yi layi a ofishin jakadanci. In kana da kuɗin jirgi zuwa birane shida, bismilla, ci gaba da gardama. In babu, zauna mu yi magana.

Aikin da waɗannan zauruka suke yi ba baƙo ba ne a wurinka. A zamanin fatauci babu fatoman da ya mallaki hanyar Gwanja. Na Nikki yana da masaukinsa, na Jugu yana da nasa, amma wasiƙar wannan tana ci a gidan wancan, shi ya sa baƙo yake sauka da kaya ya tashi da riba. Haka zauren intanet yake: kaya suna nan a rumbun mai su, abin da ake musanya shi ne hotonsu da bayaninsu. Sai dai dole a yarda da tsari ɗaya na rubuta bayanin: wane ne ya yi, yaushe, a ina, da wane harshe, wa ke da haƙƙi. Tun 1995 aka fara tsara irin wannan ma'auni, wanda ake kira Dublin Core, mai gurabe 15. Kada ka raina wannan aikin akawu. Bafaranshe ya rubuta Djougou, Bajamushe ya rubuta Sugu, wani ya rubuta Zugu, kai kuma ka ce Jugu. In ba a zauna an gaya wa kwamfuta cewa gari ɗaya ne ba, ka neme shi har ka tsufa, kashi ɗaya cikin huɗu za ka samu.

Ka ce a nuna maka biri a ƙasa. Ga shi. A Nuwamba 2008 ƙasashen Turai suka buɗe zaurensu na haɗin gwiwa, Europeana. Ranar farko jama'a suka yi masa rubdugu har ya durƙushe, aka rufe shi na makonni. Na san wannan ya yi maka daɗi, yi dariyarka. Amma ya tashi, yau yana ɗauke da abubuwa sama da miliyan 50 daga dubban gidajen tarihi da ɗakunan karatu. Ga na kusa da gida: a Nuwamba 2022 aka buɗe Digital Benin, wanda ya tattaro bayanin kayan tarihi 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, akasarinsu waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897. Kada ka gyara zama kana murmushi, ba Benin ɗinmu ba ce, ta Edo ce a Nijeriya. Amma ka lura da abin da ya faru: kafin nan kowane gidan tarihi yana riƙe da nasa lissafin a aljihu, yanzu mai neman a mayar masa da kayansa yana iya nuna su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, da sunan garin da suke.

Allah gafarta Malam, na ga kana gyaɗa kai tun da aka ambaci wawashe. Gaskiyarka, ba a banza kake tsoro ba. A 1892 Janar Dodds ya kwashi kayan fadar Abomey, sai a Nuwamba 2021 Faransa ta mayar da guda 26, bayan shekara 129. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma zo mu buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadonka. Ga gafaka ta bushe ta tsattsage. Ga takardu warwatse, babu lambar shafi sai kalmar da marubuci ya ɗiga a ƙasan kowace takarda don ta nuna farkon ta gaba. Damina ta taɓa gefe ɗaya, tawada ta nashe, gara ta ci sunan wanda ya kwafa da rabin shekarar da ya gama. Wannan ɓarawon bai zo daga Faransa ba, Malam, a ɗakinka yake kwana, kuma ba ya mayar da ko guda 26.

Ga yadda masu aikin kirki suke yi. Shirin ceto takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka kafa a 2004, ƙa'idarsa ita ce takarda ba ta barin ƙasarta. A shimfiɗa baƙin ƙyalle, a ɗora takarda ɗaya, a ajiye ma'aunin tsawo da katin launuka a gefenta, kyamara tana kallo daga sama, a ɗauka, a juya, a ɗauka. Wani yana gefe yana rubuta bayani. In an gama, a mayar da takardu gafakarsu, a bar kwafin hotunan a cikin ƙasa, a aika wani Landan. Haka aka yi a Jenne ta Mali. Jami'ar Boston kuma ta haɗa kai da masana a Dakar da Jami'ar Bayero ta Kano, suna ɗora rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka. In kana son sanin amfanin kwafi, tambayi mutanen Tumbuktu: a Janairu 2013 'yan bindiga suka ƙone ko suka salwantar da takardu kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Waɗanda aka fitar a ɓoye zuwa Bamako su ne aka ɗauki hotonsu, har a 2022 aka ɗora shafuka sama da 40,000 a zauren Google Arts & Culture.

Zan ƙara maka harsashi kyauta, don kada ka ce na ɓoye. A Oktoba 2023 'yan kutse suka afka wa Ɗakin Karatun Birtaniya, shafukansa suka yi watanni a rufe. Ka ce, “Ka ji ko!” Na ji. Amma darasin ba shi ne a zauna da gara ba, darasin shi ne kada a ajiye kwafi wuri ɗaya, ko da wurin Landan ne. Wannan ita ce hujjar haɗin kan da kake ƙi. Batun asiri kuwa, wa ya ce ka buɗe kundin laƙani? Riƙe abinka, ka ba wanda ka yarda da shi. Wasiƙun fatake, lissafin bashi, marsiyyar wani limami, jerin sunayen sarakunan zango, su ake nema, kuma su ne ka fi sakaci da su.

Hajiya, uwar gida, amsarki gajera ce: a'a, ba ya sa tukunya ta tafasa. Sakwara sai da doya. Amma 'yarki da kike biya wa kuɗin karatu a Jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, in an ba ta aikin bincike a kan Musulunci a ƙasar nan, a da sai ta yi kuɗin mota zuwa Porto-Novo ta yi kwanaki tana juya tsofaffin jaridu. Yau wata cibiyar bincike a Balin ta buɗe zaure mai suna Islam West Africa Collection, wanda ya tara dubban labaran jaridu da takardu daga Benin da Togo da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya da Kodebuwa, kyauta. Lissafa kuɗin motar da masauki, ki gaya mini ko ba su sayen doya. Kuma tun da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kin ga yadda dangi suka sha wahalar ƙetarewa. Ɗalibin Maraɗi da na Paraku kuwa suna karanta shafi ɗaya a dare ɗaya, babu jandarman da ya tambaye su takarda. Sannan kada ki ɗauka al'ada ta tsaya ga gafakar Malam. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, da abinci ta buɗe. Yadda ake murɗa wagashi, yadda ake jeren amarya a zango, waƙoƙin daka da babu mai yin su sai ke da ƙawayenki biyu: in ba ki bari an ɗauka ba, wani baƙo zai ɗauka daga tagar mota ya rubuta a ƙasa cewa ga wasu mata suna wani abu.

Saura kai, ɗan samari, ɗago kai. Ranar bikin Gani ka je Nikki ka ɗauki masu busa kakaki da dawakai, ka tura wa abokai, aka yi ta yabo. Ina bidiyon yake yau? Waya ta ce wuri ya cika, ka goge shi don ka saukar da wasan ƙwallo. Wanda ya tsira a wayar wani kuma babu mai sanin wace shekara ce, wane ne mabushin, wa ya ɗauka. Fonawan kudu sun samu Wikipedia da harshensu a 2023. Ta Hausa ta daɗe da tsayuwa, matasan Kano da Kaduna suna ta zuba mata rubutu. Shiga ka nemi unguwarku, ka nemi zangon Jugu, ka ga ko abin da ka tarar ya kai abin da kakarka take faɗa a zama ɗaya. Kai da kake jin Hausa da Dandanci da Faransanci, kai ne ya kamata ka gaya wa kwamfutar Balin cewa Sugu ita ce Jugu, amma kana nan kana tura hoton barka da Juma'a.

Don haka ba cewa na yi ku daina gardama ba, ai da ita aka san ku, kuma tana da rana. Ku ɗauke ta ku kai teburin ciniki. Duk wanda ya zo da kyamara, daga Balin yake ko daga Kwatano, a kafa masa sharuɗɗa a rubuce: asali ba ya fita daga gida, a bar cikakken kwafi a hannun mai shi, wani a wata cibiya ta ƙasa, a rubuta sunan gidan da abin ya fito, a sa bayani da Hausa ko Dandanci, ba Faransanci da Ingilishi kaɗai ba, abin da mai shi ya ce a rufe, a rufe, kuma a koya wa yaranmu biyu aikin kafin a naɗe kaya. Makarantar adana kayan tarihi ta Afirka tana nan a Porto-Novo tun 1998, tana horar da mutane daga ƙasashe da dama, ba sai an haye teku ba.

Mutumin da zai kwashe rabin yini a Arzeke yana jayayya a kan dala biyar ɗin albasa, bai kamata a ce an yi cinikin tarihin gidansu yana barci ba. Alhaji, kai za ka shugabanci kwamitin, tunda babu mai cin ka a ciniki. Malam zai kawo mabuɗin akwati. Hajiya za ta riƙe kuɗi, don mun san halinku. Ɗan samari kuma zai goge wasan ƙwallo ya samar mana wuri.