Ladan Amsa Daidai

Duk wanda ke son shiga babbar makarantar koyon kasuwanci a Amurka ko Ingila, yawanci sai ya bi ta kan jarrabawar GMAT. Sabon shiga yakan raina ta: tambayoyi 64 ne kacal, kashi uku, kowane kashi minti 45. Sai ya sayi littafi mai kaurin bulo, ya ajiye a gefen gado, ya fara kiran kansa manaja.

Ran da ya zauna gwaji a kwamfuta yake gane halinta. In ka amsa daidai, ladanka shi ne tambaya mafi wuya, kamar jakin da ya nuna ƙarfi aka ƙara masa kaya. In tambayoyi suka yi sauƙi, kada ka yi murna, kwamfutar ce ta fara tausaya maka.

A kashin lissafi kuma ba a yarda da kalkuleta ba, ga mutumin da ko kuɗin cefane sai ya taɓa waya.

Maki yana farawa daga 205 zuwa 805. Wato ko ba ka san komai ba, ba za a sallame ka hannu rabbana ba.