Pac-Man Ya Yi Gum

Wani abokina ya sayo tsohuwar na'urar wasan Pac-Man, irin wadda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980. Ya kunna. Hoto tangaran, amma ko tari babu.

Nan fa aka shiga jinya. Ya buɗe bayan akwatin, ya hure ƙura. Ya murɗa abin ƙara sauti. Ya goge bakin wayoyi. Ya sauya sifika. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Kwana uku, har mun fara shirin ta'aziyya. Sai ɗan autansa ya jefa kwandala a ramin kuɗi, ya danna maɓallin farawa. Nan take bakin dattijo Pac-Man ya buɗe, har da kiɗa.

Ashe lafiyarsa ƙalau. Shi dai ba ya magana kyauta.