Masu Zuwa Ganin Fulawar Rabin Jarka

A ƙasar Gobir, daga Tozai zuwa Isa har ka haura Sabon Birni, duk abin da ka ga ya hau danga yana da aikin yi. Soso na wanka ne, duma za a fafe shi a yi ƙwarya da ludayi, garafuni na magani. Zogale na kwaɗo, lalle na ƙunshi. Saboda haka ranar da mutum ya raba jarka biyu, ya huda gindinta da ƙusa, ya cika ta da ƙasar jigawa da taki, ya dasa reshen bogenbiliya da ya sayo wurin masu fulawa a bakin titin Sakkwato, to ya buɗe wa kansa majalisa ba tare da ya shimfiɗa tabarma ba.

Shugaban majalisar nan Kawu ne. Kowa yana da irinsa. Bayan la'asar yake zuwa, hannu biyu a baya, ya tsaya kan jarkar ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ɗago.

"Wanga abu, ci nai aka yi?"

"A'a, Kawu."

"Magani na?"

"Ba magani ba ne."

"To mi kaka yi da shi?"

"Kallo, Kawu."

Sai ya maimaita "kallo" a hankali, ya dubi jarkar, ya dube ka, ka ga alamar yana tuna mahaifinka da irin wahalar da ya sha kafin ya sa ka makaranta. Daga nan lissafi ya fara. Bokiti nawa take sha a mako, wa ke jawo ruwan daga rijiya, gindin zogale nawa wannan ruwa zai raya. Gobe ya dawo da shaida, wani abokinsa da suka yi fataucin goro tare, ya nuna masa da baki: "Tambaye shi da kanka." A sake tambayoyin nan uku daga farko, ba a rage ko ɗaya ba.

Kawu dai ba ya faɗa, yana da dabara. Wata safiya za ka ga wasu tsiro guda biyu masu faɗin ganye sun leƙo daga gefen jarkar. Kuɓewa ce. Shi ya tura irin da ɗan yatsa lokacin da ka shiga kawo masa ruwan sha. Daga ranar ya zama mai hannun jari. Yakan zo duba kuɓewarsa, ya ce ruwan da kake zubawa ya yi kaɗan, har ya ba da shawara a rage wa fulawar rassa don tana tare wa amfani rana.

Inna ba ta tambaya. Ta tsinki ganye, ta murje, ta shinshina, ta yanke hukunci cewa maganin shawara ne. Kafin mako ya zagayo yara sun fara sallama: an ce a ba su ganyen da Inna ta ce.

Akwai mai maciji, wanda ya tabbata duk abin da ke yaɗo gidan kububuwa ne, alhali a bayan ɗakinsa akwai tarin kara tun na bara. Akwai mai roƙon iri. Shi kuma ya karya reshe mafi kyau kafin ka amsa, ya soka shi a gwangwanin madara marar huji, ya cika shi da ruwa safe da yamma har ya ruɓe, ya dawo ya ce irinka ba shi da albarka, a ƙara masa wani.

Sai ɗan boko mai waya, wanda ya raina bogenbiliya don ta cika gari. Shi kilematis yake so, wata fulawa mai yaɗo da ya gani a YouTube. Ya haddace labarinta tsaf: Turawan Ingila suna ji da ita, tana fure a lokacin zafinsu, akwai gajerun iri da wani Raymond Evison ya ƙware wajen samarwa a tsibirin Ganzi musamman don tukwane, ana baje su a bikin furanni na Chelsea duk watan Mayu a Landan. Ya san kuma tana son kanta a rana, saiwarta a sanyi. Abin da bai yarda a tattauna ba shi ne inda za a samo wannan sanyi a Isa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ya aika aka sayo masa iri, ya naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu, ya zauna jira, don irin kilematis kan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, bai tsiro ba. Da damina ta faɗi sai ga kore ya fito. Ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, jama'a suka yi ta barka. Inna ce ta leƙa ta ce tafasa ce ta biyo taki, ta kuma roƙi a bar mata idan ta yi ganye.

Mu masu jarka kuwa mutane ne masu kamun kai. Iyakar abinmu, ba ma yin alwala sai a gindin fulawa, kuma baƙon da ya zo gaisuwar rashin lafiya ba zai fita ba sai ya ga sabon toho ya yaba.

Duk waɗannan ina shan shayi da su. Wanda ba na dariya da shi shi ne mai awaki. Jar akuyar nan tamu, wadda mutanen Maraɗi su ma suke cewa tasu ce, tana da suna a duniya: fatarta aka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko. Ban raina ta ba. Amma idan ruwa ya sauka aka yi shuka, mai gari yakan sa a yi shela a ɗaure bisashe, kowa ya ɗaure, don ya san idan ta ci geron wani zai biya. Da an gama kaka sai a sake su. Bogenbiliya kuma da rani take zuba fure, daidai lokacin da babu wani kore a gari sai ita. Dabbar da ta saba da ƙayar bagaruwa ba ƙayar fulawa za ta tsorata ta ba. Ta tura ƙyauren kara, ta miƙe kan ƙafafun baya, cikin ɗan lokacin da za ka je masallaci ka dawo ta mayar da renon shekara biyu tsinke.

Ka kama ta ka kai masa, ya dube ka ko tashi bai yi ba: "Bisa ta, ba ta da hankali. Ai ba gona ta ba." Wato tunda ba a auna abin da tiya, ba a yi ɓarna ba. Shi ne dai mutumin da awakinsa ke cinye dashen dogonyaro na bakin makaranta da na bakin hanya, a jihar da ke cikin goma sha ɗayan da hamada ta fi matsa wa a Najeriya, sannan ya zauna a inuwar bishiyar da wani ya yi wa shinge shekaru talatin da suka wuce yana ƙorafin zafi. Ba talauci ba ne, igiya ba ta fi ƙarfinsa ba, da damina yana da ita.

Nawa maƙwabcin, bayan akuyarsa ta cinye fulawata, har aike ya yi mini washegari. Wai akuyar ta kwana tana zawo, yana so ya ji ko na fesa wa abin magani, don in haka ne ni zan biya kuɗin allura.