Masu Neman Masauki a Bakin Tekun Legas

Duk Disamba, da hunturu ya fara tsattsaga leɓe a Kano, sai ka ji 'yan gida ɗaya sun haɗa kai za su Ikko shan iskar teku. Kuɗin jirgi ba ya kawo rigima. Rigimar tana wajen zaɓen unguwa da gidan da za a kama na kwana biyar, irin wanda 'yan Legas ke ce wa shotlet. A nan halin kowa ke fitowa fili.

Akwai Alhaji mai tsohon labari. Rabonsa da Legas tun tana babban birnin ƙasa, kafin a koma Abuja a 1991, amma shi ne jagora. "Ku nemo mana kusa da Bar Beach, can ake hawan doki." In an ce masa an cike wurin da yashi an kafa Eko Atlantic a kai, sai ya ce yaran yanzu ba su san gari ba. Babban ɗansa ma barewa ce da ɗanta: shi Landmark Beach ya riƙe, bai ji cewa a 2024 an rushe bakin ruwan don titin Legas zuwa Kalaba ba.

Sai ɗan taswira. Ya samo gida mai araha a Gbagada, ya ɗora yatsu biyu a kan waya ya ce, "Ga mu, ga ruwa." Bai san tsakanin yatsun nan akwai gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 ba, ga kuma goslon hanyar Lekki. A Legas da awa ake auna nisa. Wanda ya bi shawararsa zai fita bayan azahar, ya taka yashi ana kiran magariba.

Hajiya mai hoto ba ruwanta da wannan lissafi, ita baranda take nema. Tallan ya ce taga tana kallon ruwa, kuma dillali bai yi ƙarya ba. Sai dai ruwa a Legas iri-iri ne: akwai teku, akwai tafkin da ya ratsa gari, akwai wanda ke kwantawa a titin Lekki da damina har ya shanye tayar mota. Ta biya kuɗin Ikoyi saboda suna, sai da ta iso ta gane Ikoyi ko kusurwa ɗaya ba ta taɓa teku ba. Duk da haka hoton ya fita a Instagram, kuma ƙawayenta sun yi ta masha Allah.

Kawu mai tsumulmula tun farko ya ce a sauka wajen ɗan'uwa a Agege, ga tuwo kyauta. Da aka rinjaye shi, ya ja kowa zuwa Ajah. Abin da ya hana shi barci shi ne kuɗin ko-ta-kwana da mai gida ke riƙewa har a fita lafiya. Kwana biyar yana gadin kofuna, yana korar yara daga kan kujera. A ƙofar bakin tekun Elegushi kuwa da aka nemi kuɗin shiga, ya dafe ƙirji: "Tekun Allah ma sai da tikiti?"

Wadda nake sara wa ita ce Anti mai tambaya. Ba ta kallon labule ko fitilar falo. Awa nawa ake kunna janareta? A buɗe famfo a ɗauko mata bidiyo, don ta san ruwan burtsatsen wasu gidajen Lekki kalar shayi ne. Akwai masallaci kusa? Gidan rawa fa, katanga nawa ne tsakani? Ana ta yi mata dariya a waya, amma ita kaɗai ta taho da buta, kuma tun daren farko aka fara layin aro.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kowa nacin a kama gida dab da ruwa. An kama. An ce a shiga jirgin ruwa a je Tarkwa Bay, inda igiyar ke da sauƙi, ya ce shi kansa ke ciwo. Ban ga laifinsa sosai ba, tekun Legas na da ja, ba kogin Wudil ba ne. Haka ya wuni nesa da kumfa, wando a naɗe har gwiwa, yana tsaron takalma da wayoyin jama'a.

Da dare duk suka hallara a Obalende wajen mai tsire, ana Hausa kamar a Fagge. Alhaji ya matsa kusa da shi ya rage murya: "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, ta ina ake bi a je Bar Beach?" Mai tsire ya barbaɗa yaji, ya ce, "Wallahi Alhaji, shekarata takwas a garin nan, ban taɓa ganin tekun ba."