Silin Bai Kashe Kakanku Ba, Mun Ji

Ku matso kusa, 'yan "ai ba komai". Na san ku sarai. Da zarar an ce wani abu yana cutarwa, kafin mai magana ya haɗiye yawu kun tono kakanku kun kafa shi shaida. Yau ma ga shi kun kawo shi: ya kwana ƙarƙashin silin asbestos tun zamanin Sardauna, ya haura tamanin yana shan rake da haƙoransa. Allah ya jiƙan kaka. Tambaya ɗaya gare ni. Kwanciya ya yi a ƙarƙashin silin, ko shi ne ya sa zarto ya yanka shi? In kwanciya ce kawai, ku sallami tsoho ya huta, ba shi ake nema ba. Kafintan da ya buga silin nake cigiya, shi kuwa babu wanda ya san yadda ya ƙare.

Asbestos dutse ne da ake haƙowa, wanda in an farfasa shi yake tsattsagewa ya zama zare-zare. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ga araha. Shi ya sa duniya ta yi rububinsa a ƙarnin da ya wuce. An kwaɓa shi da siminti an yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, an sa shi a takalmin birki da kuloci da gaskit, an naɗe tukwanen tururi da shi a masana'antu da jirage. Mu ma mun samu rabonmu, ku ɗaga kai a tsofaffin makarantu da barikoki da gidajen ma'aikata ku gani. Muddin yana daskare cikin siminti ba a taɓa shi ba, abin da yake saki kaɗan ne. Fitina tana tashi ne ranar da aka sa masa zarto ko giranda, ko aka rushe ginin, ko ya tsufa ya fara marmashewa aka bi shi da tsintsiya.

Ga wani can ya ɗaga hannu, daga ganin karin hularsa Bakano ne: "Malam, mu da muke shan ƙurar hunturu duk shekara, ta silin ce za ta ba mu tsoro?" Sannu, sarkin ƙura. Ita ma ta hunturun ba alheri take maka ba, amma hanci da majina da tari suna korar mai yawa daga cikinta. Zaren asbestos siriri ne da ido ba ya gani, ga tsawo ga tsini, yana sulalewa har ƙuryar huhu. Ƙwayoyin jiki masu share datti su zo haɗiye shi, ya fi ƙarfin bakinsu, ba ya kuma narkewa. Halin ƙarangiya gare shi a jikin wando, kamawa ba wuya, cirewa sai an sha fama. Wani zaren ya ratsa har tantanin da ya lulluɓe huhu, ya zauna yana sukar wurin shekara da shekaru, har wata rana ƙwayoyin tantanin su bijire su kama hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Ita ce sankarar da likitoci ke kira mesotiliyoma. Galibi a tantanin huhu take tsira, wani lokaci a na ciki, da ƙyar a na zuciya.

"Ni fa na yi aikin nan shekara goma, ko atishawa ban yi ba." Madalla, Baba. A wace shekara? Ciwon yakan yi shekara 20 zuwa 50 bai ce uffan ba. Wanda ya yi wanka da ƙurar a 1985 yana saurayi, yanzu yana cikin lokacinsa, ga furfura ga jikoki, ya ma manta ya taɓa riƙe zarto. Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa na asbestos a 1985, ta haɗa da farin a 1999, amma har yanzu sama da mutum 2,000 wannan sankara ke ɗauka a can duk shekara. Ƙurar da aka shaƙa tun kafin dokar ce ake biya.

Na ga fuskokinku sun washe da na ambaci Birtaniya. "Ka gani ko? Ciwon Turawa ne!" Ku dakata da murna. A Afirka aka kama ɓarawon. A shekarun 1950, wani likitan masu tarin tibi a Kimbali ta Afirka ta Kudu, Sleggs, ya lura da abin da ya ɗaure masa kai. Ana kawo masa masu ruwa a ƙirji, yana ba su maganin tibi, wasu suna miƙewa, amma waɗanda suka fito daga yankin da ake haƙar shuɗin asbestos sai ƙara lalacewa suke har su cika. A 1960 shi da Wagner da Marchand suka wallafa bayanin mutum 33 masu mesotiliyoma, 32 daga cikinsu sun yi hulɗa da wannan ƙura. Da yawansu ko ramin haƙar ba su taɓa shiga ba. Makwabtaka ce kawai, wasu ma wasan ƙasa suka yi a kan jujin tarkacen suna yara. Afirka ta Kudu ta haramta shi a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane launinsa yana haddasa sankara, kuma sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙarsa a wurin aiki.

"To me ya sa ban taɓa jin wanda ta kashe a unguwarmu ba?" Ina za ka ji, Alhaji? A unguwarku mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi, sanarwa ta ce bayan gajeriyar rashin lafiya. In an matsa, a ce ciwon haƙarƙari ne, ko tarin fuka, ko a rage murya a ce jifa ne. Wa ya yanki tsokar ƙirjinsa ya duba?

Uwargida, na ga kina dariya kina cewa wannan rigimar maza ce. Gyara zama, Hajiya. Wa yake kakkaɓe rigar maigida kafin a jiƙa ta? A 1965 Newhouse da Thompson suka bi diddigin masu wannan ciwo a wani asibitin Landan, suka tarar da matan da ba su taɓa taka masana'anta ba, kayan aikin mazajensu da 'yan'uwansu kawai suke wankewa. Kai ma Oga bakanike kada ka sulale. Duk wanda ya saba kwance tsohon birki ya hure ƙurarsa da baki ko da iskar famfo, ya san abin da nake nufi.

Sai mai kwalin taba a aljihu, wanda ya ji an ce taba ba ta kawo mesotiliyoma ya hau tafi. Gaskiya ne, ba ta kawo ta. Amma asbestos yana da wata sankarar, ta cikin huhu kanta, kuma a nan su biyun aminan juna ne. Binciken Selikoff da abokan aikinsa a kan masu naɗe bututu a Amurka ya nuna asbestos kaɗai yana ninka haɗarin kamar sau 5, taba kaɗai kamar sau 10, in sun haɗu kuwa kamar sau 50. Ci gaba da tafin.

Zan ba ku haƙƙinku, kada ku ce na cika son kai. Ciwon ba gama-gari ba ne, kuma mafi yawan waɗanda suka shaƙi ƙurar ba sa kamuwa. Haɗarin yana hauhawa ne da yawan abin da aka shaƙa da tsawon shekarun da suka shuɗe, sai dai babu wani ma'auni da aka tabbatar cewa ƙasa da shi lafiya lau ne. Akwai kuma gado. A 2011 aka gano cewa iyalan da ke ɗauke da tawaya a ƙwayar halitta mai suna BAP1 sun fi saurin kamuwa. A wasu ƙauyukan Kafadokiya ta Turkiyya kuma, dutsen da suke gina gidaje da shi yana da wani zare ɗan'uwan asbestos, har ya kai kusan rabin mace-macen ƙauyen wannan sankara ce.

Yanzu ga inda nake so ku ajiye gardama ku buɗe kunne. Ciwon ba ya zuwa da tambari. Haki ne in an hau bene, nauyi ko ciwo a gefe ɗaya na ƙirji, tari, rama, gumin dare. Hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru a gefe guda. A ƙasarmu likitan da ya ga haka ya fara zargin tibi bai yi laifi ba, don ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tibin tantanin huhu takan ƙi fitowa a gwajin kaki, sai a fara magani bisa zato. Tarkon da Sleggs ya gani ke nan. Idan ana shan magani yadda aka ce, wata biyu sun wuce, ana zuƙe ruwa yana dawowa, jiki sai zubewa yake, to lokacin komawa ne a nemi a tura mutum asibitin koyarwa, ba lokacin canza mai magani a kasuwa ba.

A can za a yi hoton siti-sikan, wanda ke nuna ko tantanin ya yi kauri ya yi ƙulli-ƙulli ya ɗaure huhu. Za a duba ruwan da aka zuƙo, amma sau da yawa ba a ganin komai a ciki, don haka "ruwa ya fito lafiya" ba takardar sallama ba ce. Hukunci yana wurin tsoka. A huda tsakanin haƙarƙari a zura siririn madubi, ko a bi da allura, a gutsuro ɗan yanki, a rina shi da sinadarai na musamman a duba, domin a ido tana iya kama da sankarar da ta taso daga huhu ko nono ta bazu zuwa wurin. Gwajin jini kaɗai ba ya yanke wannan shari'a, duk wanda ya ce maka zai gano ta da digo ɗaya, riƙe aljihunka.

Duk wannan doguwar hanya tana gajarcewa da abu ɗaya da ke bakinku. Likita ya ce, "Baba, mene ne sana'arka?" Sai Baba ya gyara babbar riga ya ce ɗan kasuwa. Shekara goma sha biyar da ya yi yana yankan silin, ko yana gyaran tukunyar tururi a masaƙa, ko yana fasa tsofaffin gine-gine, duk ya haɗiye su, wai kada a raina shi. Ku da kuke iya lissafo wa mutum kakanninsa bakwai in ana neman aure, ku lissafo wa likita ayyukanku tun daga na farko, har da na wanda kuka yi wa wanki.

"In ba ta warkewa, mene ne amfanin sani? Ajali ne." Ajali gaskiya ne, Malam, amma na gan ka kana duba hagu da dama kafin ka tsallaka titi. Ba zan yi maka daɗin baki ba, ciwo ne mai tsanani, kuma akasari ana gano shi ya riga ya yi nisa. Duk da haka akwai abin yi. Ana manne tantanin don ruwa ya daina taruwa, numfashi ya samu. Akwai allurar sankara, akwai magungunan zaburar da garkuwar jiki da aka amince da su a 2020, akwai tiyata ga wasu, akwai maganin raɗaɗi. Masanin kimiyya Stephen Jay Gould an same shi da ta ciki a 1982, ya ƙara shekara 20 a duniya, wata sankarar daban ce ma ta yi ajalinsa. Ko ba komai, sani yana hana a yi ta ɗura wa tsoho maganin tibi wata shida a banza, ana ware masa kwano da kofi.

Kai kuma da tun ɗazu ka fi kowa musu, ina za ka da guduma? Au, yanzu silin za ka farfasa a daren nan? Sauko daga tsanin nan. In lafiyayye ne, ƙyale shi, ko ka shafe shi da fenti ba tare da ka kankare ba. In ya farfashe dole a cire, a fitar da yara, a jiƙa shi sharaf da ruwa, a sauke shi ɗai-ɗai ba a karya ba, a naɗe a leda mai kauri, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Mai cirewa ya sa takunkumin tace ƙura na gaske, ba ƙyallen da ka ajiye tun zamanin korona ba. Kuma don Allah kada ka ba almajirai ɓaraguzan su kai bola a ka, ko ka cike ramin ƙofar gida da su mota tana niƙawa.