Masu Albam a Zangon Kumasi, Kowa da Uzurinsa

Da wuya ka shiga gida a Aboabo, ko Asawase, ko Alabar, ka rasa aikin hannu da aka faro da bismilla aka bar shi ba alhamdulillahi. Ga hula an ɗinka rabi, allura na soke a jikinta har ta yi tsatsa. Ga rigar saƙa ta jariri mai hannu ɗaya, alhali jaririn yanzu shi ke tuƙa aboboya. Amma sarkinsu duka shi ne albam ɗin gida, na kwali da gam, domin shi kowa yana da hannu a rashin gama shi.

Akwai mai sayen kaya, wadda ta fi kowa niyya. Ta shiga Kejetia ta fito da kwali mai kauri, da leda, da zare mai ƙyalli, da ƙyallen atamfa na yin bango. Ta baje su a gado, ta yaba, ta mayar akwati. A wurinta aiki ya ƙare, saura haɗawa kawai. Wata ma kuɗin da aka rubuta a bayan kwalinta na tsohon sidi ne, tun kafin 2007 da aka yanke masa sifili huɗu. Gam ya daskare tuntuni, amma taɓa shi ka ji: "Ajiye mini, ina da aiki da shi."

Ƙanwarta ita ce mai "bayan Sallah". Bayan ƙarama, bayan babba, bayan Maulidi, sai ga azumi ya sake kamawa.

Hajiya mai almakashi kuwa ba malalaciya ba ce. Kullum tana kan aiki, sai dai aikinta ragi ne. Hoton biki ne, mata goma sun sha yayi iri ɗaya, an jeru ana murmushi. Aka yi saɓani a kan kuɗin adashi, sai suka koma tara. Kishiya ta fita, sai aka bi gefenta da almakashi a tsanake, amma aka rasa yadda za a yi da hannunta da ke kafaɗar Alhaji, da lallensa da zobensa. Jika ya tambaya, "Hajiya, wannan hannun wa ne?" Ta ce, "Na wata baƙuwa ce, buɗe gaba." Abin da ke burge ni da ita shi ne ba ta zubar da kawunan. Suna nan cikin gwangwanin Milo, domin zaman Zango ba a yanke zumunci har abada. In aka shirya a wurin suna ko ta'aziyya, sai a nemo kan a liƙa, ko da ya ɗan karkace.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne Baba mai tarihi. Hotunansa na cikin jakar Ghana-must-go a ƙarƙashin gado, kuma laimar Kumasi, garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, ta manne wasu da juna, in ka ɓamɓare sai fuskar wani ta biyo bayan wani. Ka zauna da gam a hannu, ya ɗauko na farko. "Wannan kawunka ne. Ya tafi a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. A nan aka haife shi, bai taɓa ganin Kano ba sai a wannan tafiya." Daga nan sai fataucin goro, sai Salaga, sai wanda ya ci bashin wani bai biya ba. Ya ɗauko na biyu: "Wannan kuma Legas ya je neman kuɗi, aka koro su a 1983 zamanin Shagari. Da irin jakar nan ya dawo." Kafin a kai na uku an kira la'asar. Ka ce, "Baba, bari in rubuta sunayen a baya." Ya ce, "Don me? Ai na san su." Shi kam ban iya ganin laifinsa sosai, don duk gidan shi kaɗai ya san dalilin da ya sa aka ɗauki hotunan. Sai dai biro ba ya cizo.

Gwaggo mai aro ba ta daɗewa. "Ba ni wannan in wanke in dawo da shi." Hoton yanzu yana Nima a Accra, a bangon falonta, cikin gilashi.

Ɗan zamani kuma dariya yake wa kowa. "Wa ke albam yanzu? Duk suna cikin waya." Gaskiya ne, dubbai ne, rabinsu hoton kwanon waakye da takalmi. Ranar da aka zare wayar a trotro, auren yayarsa da sunan ɗanta suka tafi tare. Ya ce akwai su a Facebook, sai dai lambar sirrin ma a wayar take.

Can ba a rasa ba, sai a sami wadda ta gama. Allah ya kiyashe ka da ziyartarta da yunwa. Koko na hucewa, ƙosai na sanyi, kai kuwa sai ka wanke hannu, ka zauna, ta buɗe maka da kanta shafi bayan shafi. Ranar da ta kai shi taron dangi ne ake gane kurenta. Inna ta leƙa ta ga an sa ta a shafi na tara, bayan matar ƙaninta. Kawu ya ce hoton da aka zaɓa masa na lokacin da yake jinya ne. Hajiya ta jawo albam ɗin gabanta, ta gyara tabarau, ta daɗe tana duban hoton bikin nan, sannan ta ce wa jikarta, "Ke, miƙo mini jakata. Akwai ɗan gyara."